Ƙadangare mai gemu a ɗakin kwano: yaya zan daidaita masa zafi a wannan bazara?

Malamin Firamare, karkarar Ringim

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa masu kiwo, ina neman shawararku a kan wata dabba da ba a saba ganinta a wajenmu ba. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya yi shekara biyu yana kiwon wani ƙadangare ɗan asalin ƙasar Ostareliya, wanda ake kira ƙadangare mai gemu saboda ƙayoyin da ke jere a ƙarƙashin haɓarsa, waɗanda yakan kumbura su har wurin ya yi baƙi idan ya tsorata ko ya fusata. Da tafiyar ƙaro karatu ta kama shi a watan Fabrairu, sai ya kawo mini shi amana, tare da akwatin gilashi mai tsawon santimita 90, da ƙwan fitila mai wat 100 na ɗumama shi, da wata doguwar fitila da ya ce ita ce ke maye masa gurbin hasken rana, da kuma ɗan ma'aunin zafi mai allura da aka manna a jikin gilashin. Ya rubuta mini a takarda cewa in riƙa kunna fitilun biyu da safe in kashe su da magariba, ni kuma ban taɓa saɓa wa takardar nan ba, domin ina da 'yar sola da ke ɗaukar nauyinsu idan babu wuta.

Makonnin farko lafiya ƙalau muka yi. Da safe yakan hau dutsen da ke ƙarƙashin fitila ya baje jikinsa kamar faifai, bayan wani lokaci ya sauko ya ci gyarensa da ganyensa, yara kuma su kewaye akwatin suna kallo. Amma tun da muka shiga watan Afrilu al'amarin ya canja. Daga wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba ya ƙara kusantar dutsen, sai ya koma can kusurwar da ta fi nisa da fitila ya hangame baki, wani lokaci kuma ya miƙe a jikin gilashi yana karta da farce kamar mai neman hanyar fita. Kwana huɗu ke nan bai ci abin kirki ba, jiya ma gyare biyu kawai ya ɗauka, kuma na lura idanunsa sun ɗan faɗa.

Akwatin yana cikin ɗakin da nake ajiye littattafaina, ɗakin bulo ne mai rufin kwano, babu silin, kuma taga ɗaya ce gare shi tana kallon yamma. Da azahar allurar ma'aunin tana tsayawa a kan 36, ni kuwa na karanta cewa wannan dabba tana son wurin shan ɗumi da ya kai digiri 40, shi ya sa na rasa gane ko zafi ne ya yi masa yawa ko kuwa bai ishe shi ba. Maƙwabcina ya ce in fitar da akwatin tsakar gida ya sha rana tun da dabbar hamada ce, uwargida kuma ta ce in kashe fitilun gaba ɗaya tun da mu kanmu ba ma iya zama a ɗakin. Wanne zan bi? Kuma idan Allah ya kai mu hunturu, lokacin da sanyin asuba kan hana yara fitowa makaranta da wuri, me zan tanada masa tun yanzu? Abin amana ne, kuma yarana sun shaƙu da shi ƙwarai, ba na so ya mutu a hannuna saboda rashin sani.

Maman Kaji, yankin Wudil

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban taɓa kiwon irin wannan ƙadangare ba, amma na yi shekaru ina renon 'yan tsaki da fitila, kuma abin da ka siffanta ban ga bambancinsa da abin da nake gani a ɗakin reno ba. Idan sanyi ya kama 'yan tsaki, cunkushewa suke yi a ƙarƙashin ƙwai suna tattake juna, idan kuwa zafi ya yi musu yawa, sai su watse zuwa gefen katanga su buɗe baki suna haki. Dabbar da ta guje wa fitila ta je ƙarshen wuri ta hangame baki ta riga ta ba ka amsa, ko da ma'auni yana faɗin wani abu daban. Saboda haka kafin masu ilimin abin su zo, ka kashe wannan ƙwai mai wat 100 yau ɗin nan da rana.

Shawarar maƙwabcinka ce ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Don Allah kada ka fitar da akwatin gilashi cikin rana, ko da na minti goma ne. Wata shekara a irin wannan wata na ɗauko 'yan tsaki ɗari daga mota, na ajiye kwalayen a tsakar gida na rufe su da leda saboda ƙura, na shiga ɗaki in gyara musu shimfiɗa, kafin in fito fiye da ashirin sun kwanta. Har yau ina jin ciwon abin. Gilashi kuwa ya fi leda tara zafi, ka dubi yadda cikin mota ke zama idan an bar ta a rana da tagogi a rufe.

Abu na biyu shi ne ɗakin. Ɗakin kwano maras silin mai taga ta yamma shi ne mafi munin wurin da za ka ajiye mai rai a cikin Afrilu, domin kwanon yana gasa shi daga sama, da la'asar kuma rana ta shigo ta taga ta ƙarasa. Idan a gidanku akwai ɗakin ƙasa mai rufin azara, ko soro mai kaurin katanga irin na iyayenmu, can za ka mayar da shi, ka ajiye akwatin a ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, nesa da taga, saboda iskar ƙasan ɗaki ta fi ta sama sanyi. Sai dai ka tabbata ba ɗakin da ake kunna maganin sauro ko fesa maganin ƙwari ba ne, don ƙananan dabbobi ba sa jure wannan hayaƙi.

Ɗan Kazaure

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri kan riƙon amana. Ina da irin wannan ƙadangare guda biyu, sunansu na kimiyya Pogona vitticeps, kuma na ratsa bazara biyar da su a nan ƙasarmu, don haka zan ɗan tsawaita. Duk abin da Hajiya Maman Kaji ta faɗa daidai ne, ka fara da shi.

Tushen ruɗanin shi ne lambar nan 40 da ka karanta. Gaskiya ce, amma zafin saman dutsen da yake kwanciya a kai ake nufi, wato wuri guda da bai fi faɗin jikinsa da yawa ba, kuma ana so ya kasance tsakanin digiri 38 da 42. Sauran akwatin dole ya riƙa sauka a hankali har ɗaya ƙarshen ya kasance tsakanin 24 da 29. Dalili kuwa shi ne ƙadangare ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa kamar akuya ko kaza, kuma ba ya gumi. Da ƙafafunsa yake daidaita zafin jikinsa: ya hau dutse jikinsa ya ɗauki ɗumi har ya kai wajen digiri 35, wanda a nan ne cikinsa ke narkar da abinci sosai, sannan ya sauka ya koma inuwa. Ka lura da jangwadan da ke kan katangar gidanka, da hantsi za ka gan shi a rana yana gyaɗa kai, da azahar kuwa sai ka neme shi a ƙarƙashin rumbu ko cikin tsagar katanga. Naka ba shi da rumbu ba shi da tsaga, abin da ka ba shi a cikin santimita 90 ɗin nan shi ne duniyarsa, kuma a yanzu ko'ina a cikinta zafi ne.

Yawancin bayanan da ake samu a intanet mutanen Ingila da Amurka ne suka rubuta su, inda ɗaki kan tsaya a digiri 20 ko 22, saboda haka duk damuwarsu yadda za su ƙara zafi ce, kuma ƙwai mai wat 100 ya dace da su. Mu nan, daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin inuwa ma yakan kai 40 ko ya wuce, wahalarmu ita ce samar da ɓangaren sanyi. Takardar ƙanenka ma ina kyautata zaton a ɗaki mai silin da na'urar sanyaya ɗaki ya saba aiki da ita, ba laifinsa ba ne, wuri ne ya bambanta.

Game da hangame baki, akwai wanda ba abin damuwa ba ne. Idan yana kan dutse a ƙarƙashin fitila ya buɗe baki na ɗan lokaci, yana rage zafi ne don ya ci gaba da kwanciyarsa, lafiyayyu duk suna yin haka. Wanda ya buɗe baki a ɓangaren da ya kamata ya zama na sanyi, ga kartar gilashi, ga ƙin abinci, ga faɗawar idanu, wannan zafi ne ya kai masa iya wuya kuma ruwan jikinsa ya fara raguwa. Ka sami faranti mai ɗan zurfi ka zuba ruwan da bai yi sanyi ba bai yi zafi ba, kamar digiri 30, iya kafaɗunsa kawai, ka sa shi ciki na minti goma zuwa sha biyar kana tsaye a kansa, sau da yawa a nan sukan sunkuyar da kai su sha. Kada ka yi amfani da ruwan ƙanƙara, sauyin gaggawa yana cutar da su.

Ma'aunin nan mai allura kada ka ƙara dogara da shi. Zafin gilashin da aka manna shi a kai yake nunawa, kuma irinsu kan kauce da digiri da yawa. Kana bukatar abu biyu. Na farko ƙaramin ma'auni mai nuna lamba wanda ke da doguwar waya da ɗan kai a ƙarshenta, irin wanda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai ke amfani da shi, ka ajiye kan wayar a ɓangaren sanyi daidai tsayin da dabbar ke kwanciya, ba can sama ba. Na biyu ma'aunin nan mai kama da bindiga, irin wanda aka riƙa auna goshin mutane da shi a 2020 lokacin korona, amma ka duba wanda ke da tsarin auna saman abubuwa, domin tsarin auna jikin mutum ba ya karanta abin da ya wuce wajen digiri 43, kuma ina da yaƙinin dutsenka ya wuce haka nesa. Ka auna sau huɗu a rana, da hantsi da azahar da la'asar da kuma asuba, ka rubuta a littafi na mako guda. Ni da na fara yin haka sai na tarar dutsen nawa yana kai 51 da rana tsaka, alhali ma'aunin bango yana ce mini komai lafiya.

Yadda nake yi a bazara shi ne ina sauya ƙwan zuwa mai wat 40, irin tsohon ƙwan nan mai zare a ciki da ke yin zafi, don na zamani masu farin haske ba sa ɗumama komai. Ina kunna shi daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe, ya ɗumama jikinsa ya ci abinci, sannan in kashe har gobe. Doguwar fitilar kuwa, a nan zan ɗan saɓa wa uwargida, kada a kashe ta. Ba ta da zafi sosai, kuma haskenta ne ke sa fatarsa ta samar da sinadarin bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke amfani da sinadarin kalsiyam. Idan ya rasa shi na watanni ƙasusuwansa za su yi laushi, haɓa ta lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, saboda haka kada komai ya shiga tsakaninta da dabbar sai raga, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa ko da fitilar tana ci gaba da haske, shi ya sa ake sauya siririyar, wato T5, bayan shekara guda, mai kaurin kuma, T8, bayan wata shida. Ka tambayi ƙanenka ranar da ya saka wadda ke kai.

A ɓangaren sanyi ina shimfiɗa tayil, in kifa rabin fasasshiyar tukunyar ƙasa ta zama maɓoya, in riƙa yayyafa ruwa a bayanta da rana. Hikimar randa ce, ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, wadda a kanta Malam Mohammed Bah Abba, da ya koyar a Dutse, ya gina tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A Afrilu iskarmu a bushe take ƙayau, don haka dabarar tana aiki kuma ɗan danshin ba ya cutarwa. Da damina ta zauna sai ka daina, domin wannan dabba danshin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari take so, a Agusta kuwa iskar kanta ta ninka haka, kuma yawan danshi yana jawo musu ciwon numfashi. A ranakun da zafi ya yi tsanani nakan naɗe gorar ƙanƙara a tsumma in jingina ta da gilashin daga waje. Murfin akwatin kuma ya zama raga, da 'yar fanka da ke kaɗa iska ta saman ragar.

Daga ƙarshe, santimita 90 ya yi wa babba kaɗan, tun da sukan kai santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya. Akwati mai tsawon 120 da faɗin 60 da tsayin 60 shi ne mafi ƙarancin da ya dace, kuma kafinta zai iya haɗa maka shi da katako da raga, gilashi a gaba kawai. Tsawon ne ke ba da damar ƙarshe ɗaya ya bambanta da ɗaya.

Mai Haɗa Sola, Ɗambatta

Gafara dai malamai, ni ta fannin sana'ata zan shigo, kuma ina da ja a kan maganar fitilun nan gaba ɗaya. Malam, ƙwai mai wat 100 na awa 12 ya ci wat-awa 1,200, idan doguwar mai wat 24 ce ta ƙara 288, jimla kusan 1,500 a kullum. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 abin da yake ɗauka duka 1,200 ne, kuma idan na ruwa ne rabin haka ya kamata a riƙa ja idan ana so ya yi ƙarko. Da rana faifan sola yana ɗaukar nauyin, amma abin da ƙadangaren ya ci shi ne abin da batirin ya rasa na dare, kuma ina tsammanin ka fara ganin fankarku tana mutuwa kafin asuba. Duk wannan don a kwaikwayi rana ne, a ƙasar da Allah ya hore mata rana fiye da bukata. Me zai hana a yi masa kejin raga a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, rabi a rana rabi a inuwa, ya rayu kamar sauran ƙadangarun gari, waɗanda ba wanda ya taɓa kunna musu fitila? Ba gilashi nake nufi ba, na yarda da Hajiya a kan wannan, raga nake nufi ta kowane gefe.

Ma'aikacin Lafiyar Dabbobi, Gumel

Ɗan'uwa mai sola, lissafinka daidai ne, kuma rabin maganarka ina tare da kai, domin babu fitilar da ta kai rana ba da hasken da Ɗan Kazaure ya yi bayani. Fitar da shi da hantsi a kejin raga, daga ƙarfe takwas zuwa tara da rabi, sau uku ko huɗu a mako, da inuwa a rabin kejin da mutum zaune kusa, alheri ne babba. Inda na rabu da kai shi ne barinsa a waje wuni guda. Inuwar bishiya tafiya take yi, wurin da ke inuwa da hantsi yana iya zama rana tsantsa da ƙarfe biyu, kuma duk wanda ya taka rairayin tsakar gida ba takalmi a watan Afrilu ya san zafinsa ya fi na iska nesa ba kusa ba. Ƙadangaren gari yana da gari guda na gudu, 'yan'uwan wannan da ke dajin Ostareliya kuma suna shigewa rami ko su hau reshe su bar ƙasa mai zafi, na cikin keji kuwa iyakarsa raga. Ga kyanwa da shaho da cinnaka, ga tsutsar ciki da zai iya ɗauka daga kashin ƙadangarun gida. Akwai kuma ƙwaron nan mai walƙiya da dare a lokacin damina, wanda guda ɗaya tak yana iya kashe irin wannan ƙadangare idan ya haɗiye shi. Da tsarin ƙwai mai wat 40 na awa uku, abin da ƙwan zai ci wat-awa 120 ne kacal, ka ga damuwar batir ta ragu da kanta.

Malam, bari in amsa tambayarka ta hunturu, tun da ba a taɓa ta ba. Sanyin dare ba abokin gabarsa ba ne, a hamadar da ya fito ma dare sanyi gare shi, kuma saukar zafi zuwa digiri 18 ko 20 yana taimaka masa ya yi barci sosai. A Disamba da Janairu zafin waje a yankinmu yakan sauka zuwa 12 ko 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, amma ɗakin ƙasa mai kaurin katanga yana riƙe ɗumin rana har cikin dare, saboda haka ɗakin da ya cece shi a bazara shi ne zai rufa masa asiri a hunturu. Ka auna da asuba. Idan cikin akwatin bai sauka ƙasa da 18 ba, ba ya bukatar komai illa bargo da za ka lulluɓa wa akwatin bayan an kashe fitilu sun huce, ka bar kafar shigar iska. Idan yana sauka ƙasa da haka dare da yawa a jere, akwai ƙwan tangaran mai ba da ɗumi ba tare da haske ba, mai wat 50 ko 60 ya isa, a rataye shi a sama cikin mariƙin tangaran inda dabbar ba za ta taɓa shi ba, a haɗa shi da na'urar daidaita zafi irin ta injin ƙyanƙyasa, kamar STC-1000, a saita ta a kan 20 don ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta. Wanda ba shi da wannan yana iya naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma ya jingina ta da akwatin daga waje.

Abin da nake roƙonka da shi shi ne kada ka shigar da kaskon gawayi ɗakin ka rufe ƙofa, kamar yadda wasu ke yi wa 'yan tsaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum ma a rufaffen ɗaki, balle dabbar da nauyinta bai fi rabin kilo ba. Kada kuma ka bar fitila mai haske a kunne da dare, ko ja ce, domin suna ganinta kuma tana hana su barci. Akwai wani dutsen roba mai waya da ake sayarwa wai don ɗumama ciki, shi ma ka guje shi, yana ƙona musu fatar ciki tun kafin su ankara su tashi.

Da rana a hunturu ne ƙwan nan mai wat 100 zai yi amfani, ko mai 75, ma'auni ne zai nuna maka. Ka jira ya yi awa guda yana shan ɗumi kafin ka ba shi abinci, kuma kada ka ciyar da shi a awa biyun ƙarshe kafin kashe fitila, domin abincin da ya kwana a cikin sanyin ciki ba ya narkewa. Idan ka ga ya rage ci ya yawaita barci a maɓoya a wannan lokaci, alhali bai rame ba, ɗabi'arsu ce ta lokacin sanyi, manya da yawa suna yin haka na makonni. Ƙin abincin da yake yi yanzu daban ne. Idan ka gyara zafin ya yi mako guda bai dawo da ci ba, ko ka ga ba ya iya ɗaga jikinsa, ka kai shi asibitin dabbobi tare da ɗanyen kashinsa a leda don a duba. Yara kuma su riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa shi, saboda ƙwayar cutar salmonela da dabbobi masu jan ciki ke ɗauke da ita.

Malamin Firamare, karkarar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jira kwana shida kafin in dawo don in zo da lambobi a hannu. Tun ranar da Hajiya ta yi magana na kashe babban ƙwan, washegari kuma na aro ma'aunin bindiga a wurin wani abokina mai shagon magani, na sake kunna ƙwan na awa biyu bayan na fitar da dabbar, don in ga abin da ya sha fama da shi. Saman dutsen ya nuna 54, kusurwar da yake fakewa kuma 39, a lokacin allurar bango tana nan a kan 36 ba ta motsa ba. Da na ga haka sai jikina ya yi sanyi, domin kusan mako biyu ya yi a cikin wannan hali ina tsaye ina kallonsa.

Mahaifiyata ta ba ni tsohon ɗakinta na azara da take ajiye ƙwarya da tukwane, muka share muka ajiye akwatin a kan bulo biyu kusa da daɓe. Na sa tayil da rabin tukunya kamar yadda Ɗan Kazaure ya ce, na cire murfin na ɗaura raga, ƙwai mai wat 40 kuma daga bakwai zuwa goma. Yanzu dutsen yana kai 40 da ƙarfe tara, ƙarƙashin tukunyar yana tsayawa a 29 zuwa 30 da azahar idan na yayyafa ruwa, da asuba kuma 27. Ranar farko da na sa shi a faranti ya sunkuyar da kai ya yi ta sha har na ƙirga kusan minti biyu. A rana ta uku ya ci gyare bakwai, jiya kuma ya ci ganye, kartar gilashin ma ya daina, idanunsa sun ciko.

Na yi magana da ƙanena, ya ce doguwar fitilar T5 ce kuma a watan Yuni na bara ya saka ta, don haka zai aiko da sabuwa kafin ƙarshen Mayu. Kafinta ya auna katakon sabon akwatin, ƙaramin kejin raga na shan hantsi kuma na ce ya fara da shi. Abin da ya rage mini shi ne digiri 30 ɗin nan na azahar, wanda ya ɗan haura abin da aka faɗa, ga shi Mayu bai shigo ba tukuna. Ɗan Kazaure, a wajenka nawa ɓangaren sanyin yake kaiwa a makonnin nan na gab da faɗuwar ruwa, kuma daga wace lamba kake fara jingina gorar ƙanƙara?